Ranar da Ɗan ya koma bayan Zakari

Yau tun da sahe na zauna kan aikin nan na lis ɗin manoman albasa, wanda ƙungiyar su kawu can Galmi ta ba ni. Ba wani babban abu ba ne, sunayen mutane da ƙauyukansu da buhu nawa kowa ya kawo, na zuba su cikin SQLite, wani furogiram na ajiye bayanai, saboda fishiye guda ne, ka sa a kile ka tahi da shi, ba ruwanka da rezo. Jiya da dare kawu ya kira yana faɗa, wai an buga takarda an neme shi an rasa, duk mai suna da Ɗan a gaba ba ya ciki. Na ce kawu ku duba shafin ƙarshe. Suna can kuwa, sun taru bayan Zakari kamar waɗanda aka kora daga layi.

Na san dalili amma sai da na sake dubawa. Ita na'ura ba ta san harafi ba, lamba ta sani. SQLite ƙa'ida uku kawai yake zuwa da su na jera rubutu, BINARY da NOCASE da RTRIM, kuma ta farkon da yake ɗauka in ba ka ce komai ba, lambobi take gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Z lambarsa 90, Ɗ kuwa 394, to ina za su haɗu. Abin dariya ma ƙananan: ƙ 409, ƴ 436, ɓ 595, ɗ 599, ka ga kenan ƙasa sai ta riga ɓawo, wanda ko ɗan aji ɗaya ba zai yi ba. NOCASE ɗin da na ɗan sa rai da ita, haruffa 26 na Turanci kaɗai take haɗa babba da ƙarami, Ƙonni da ƙonni a wurinta baƙin juna ne.

To na rubuta tawa ƙa'idar da Python, yaren rubuta furogiram, akwai wani umurni create_collation, ka ba ta suna, ka ba ta ɗan aikin da zai karɓi kalma biyu ya ce wannan ce gaba, ko waccan, ko kunnen doki. Na sa mata suna hausa. Ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, ƴ bayan y, wannan ba gardama. Inda na tsaya tsam shi ne sh da ts. Harafi ɗaya ne ko biyu? In ɗaya ne, suna zai riga shanu, tuwo ya riga tsamiya, kuma Tsarnawa ta koma ƙasan duk garin da ya fara da t. Na leƙa ƙa'idar Hausa da ke cikin CLDR, kundin ƙa'idojin harsuna na Unicode, masu ba haruffa lamba, su ma haka suka yi, sh bayan s, ts bayan t. Na bi su. Kw da ky da gw kam na bar su harafi biyu-biyu, wallahi ba ni da ƙarfin wannan yau.

Wajen sha ɗaya kuran ya tahi, zahi kamar a gasa mutum, na ɗauki ordinatar na koma ƙarƙashin bedi wurin mai shayi na bakin layinmu nan Bukoki, batir na da saura. Can na haɗa kalmomin gwaji, wajen arba'in, da gangan na zaɓo masu rigima: baki da ɓaki, daki da ɗaki, kafa da ƙafa, manya da ƙanana a cakuɗe. Sai in hautsina su in ce a jera, in gwada da jerin da na rubuta da hannu. Na kuma sa wani gwaji mai ɗaukar kalma uku-uku, in A ta riga B, B ta riga C, dole A ta riga C, don in ƙa'idarka ta yi baki biyu a nan injin ba zai gaya maka ba, shirme kawai zai riƙa ba ka.

Gwajin ya kama ni wuri biyu. Na ɗaya Is'haƙa. Ai s da h ne daban, ba sh ba, kuma ni da wayona ina share duk waƙafin sama kafin in gwada, sai sunan ya koma Ishaƙa. Na biyu shi ne ƴ. Mu nan Nijar mai lanƙwasa muke rubutawa, ƴan Najeriya su sa waƙafi da y, kuma sakataren ƙungiyar ya buga duka biyun yadda portabul ɗinsa ta ga dama, waƙafin ma kala uku na tarar. Na mayar da su duka ƴ kafin gwadawa, na bar waƙafin da ke tsakanin s da h ya raba su.

Bayan la'asar kuran ya dawo, na ce alhamdulillahi an gama, sai na nemi wani suna da na san yana ciki, injin ya ce babu. Gabana ya faɗi. Kusan awa guda ina zagin kaina kafin in tuna na yi indeks, wato jerin da injin ke bi don saurin nema, tun da sahe da tsohuwar ƙa'ida, na canza ƙa'ida shi kuwa yana nan da tsohon jeri, kamar ka sake wa gidaje lamba ka bar ɗan aike da tsohuwar takarda. Umurnin binciken fishiye, PRAGMA integrity_check, ya nuna layukan da suka ɓace daga indeks, na buga REINDEX hausa don a sake gina shi, komai ya dawo.

Saura abu ɗaya da ban warware ba. Ƙa'idar ba cikin fishiyen take zaune ba, cikin furogiram ɗina take, ƙanena ya buɗe shi da wani abu a tasa na'urar sai ga no such collation sequence. Sai na rubuta musu gargaɗi babba-babba. Na tura wa kawu sabon lis ta WhatsApp bayan magariba, ya turo murya, ya ce ya ga sunansa, amma mi ya sa aka sa maƙwabcinsa gabansa alhali shi ya hi kawo albasa.