Hitar inji da taima mai batir: aikin hunturu a garejinmu na Winnipeg

A birnin Winnipeg na ƙasar Kanada kusan kowace mota za ka ga filogi yana leƙowa ta ƙasan bonet ɗinta. Baƙon da ya sauka daga Najeriya ko Nijar yakan ɗauka motocin lantarki ne, alhali filogin hitar inji ne. Daga Nuwamba zuwa Maris, babban aikin ƙaramin garejinmu shi ne sa wannan hita, gwada ta, canza wayarta, da saita wa mutane taimar da za ta kunna ta kafin asuba.

Ita hitar ɗan ƙarfe ne mai zafi, kamar na cikin butar lantarki. Wata ana cire ɗaya daga cikin marufan da ke jikin bulok ɗin inji a zura ta, ta zauna tsundum cikin ruwan lagireto. Wata kuma busasshiya ce, ana cusa ta a ramin da kamfani ya tanada. Andrew Freeman na garin Grand Forks a jihar Dakota ta Arewa ta Amurka shi ya fara ƙera irinta, ya samu rajistar fasaharsa a 1949. Ta ƙananan motoci yawanci wat 400 ce zuwa 600 a kan bolt 120, ta manyan motocin dizal kuwa takan kai 1,000 zuwa 1,500. Idan sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifili, man juye yana yin kauri kamar zuma, ƙarfin batirin mota ya ragu, sitata ta yi ta gurnani. Hita tana ɗumama ruwa da ƙarfen inji, sai mota ta tashi ba wahala, ɗumi ya iso cikinta da wuri.

Abin da muke ta nanata wa masu mota shi ne, hita ba ta buƙatar kwana a kunne. Awa biyu zuwa huɗu sun isa. Bayan awa huɗu zafin da take zubawa ya yi daidai da wanda iska ke kwashewa, saura duk asarar wuta ce. Hita mai wat 400 da aka jona daga bakwai na yamma zuwa bakwai na safe ta sha kilowat-awa 4.8, ta awa uku kuwa 1.2. A darare 120 bambancin ya kai 432, wato dala arba'in da 'yan kai a farashin kamfanin wutarmu, Manitoba Hydro, na kusan santi 10 kan kowane kilowat-awa. Mai hita ta wat 1,000 asararsa ta kai dala ɗari. Mu awa uku muke saitawa, mu ƙara ta huɗu idan an yi hasashen digiri 30 ƙasa da sifili.

A wajen taima ake yawan rikicewa. Mutum zai zo ya ce yana son mai batir domin babu soket a inda yake ajiye mota. Batirin taima ba ya ba hita wuta ko kaɗan; aikinsa riƙe agogo da jadawalin da aka saita. Ko batirin motar kansa aka ɗora wa wat 400 na awa uku, zai mutu murus kafin inji ya ji ɗumi. Soket dole ne.

Amfanin batirin yana fitowa idan wuta ta yanke. Taimar da ake murɗawa da hannu, mai 'yan haƙoran da ake dannawa, ƙaramin moto ne ke juya ta. Wuta na tsayawa ita ma ta tsaya, kuma idan ta dawo daga inda ta tsaya za ta ci gaba. An ɗauke wuta minti 40, agogonta ya koma baya da minti 40, ba mai gaya maka. Ga kuma wuraren ajiye motoci na gidajen haya da ma'aikatu, inda da gangan ake ba soket wuta ana yankewa bi da bi don tsimi. Taimar murɗawa a irin wannan soket, cikin kwana biyu ta koma kunna hita da rana tsaka. Mai batir ba ruwanta, ko an zare ta an jefa a bayan mota an tafi aiki jadawalinta na nan.

Iri biyu muke sawa. Ta farko ana soka ta a soket na waje, batirinta AA ne ko ɗan faifan nan CR2032. Kada a sa mata batirin alkalin, domin a tsananin sanyi ƙarfinsa yana faɗuwa, allon ya dusashe, agogo ya koma 12:00. Na litiyam ake sawa, wanda aka rubuta yana jure digiri 40 ƙasa da sifili. Ta biyu ana sa ta cikin gida a madadin makunnin da ke ba soket na waje wuta, kuma wannan aikin mai lasisin lantarki ne. Na fi son ta, tunda tana cikin ɗumi, ana iya canza lokaci ba a fita ba. Sai dai a wasunsu batirin ne ke motsa makunnin kansa, ranar da ya mutu hita ba za ta kunnu ba sam. Shi ya sa muke cewa a canza batir kowace kaka, ko da bai nuna gajiya ba.

Kafin a saya a juya bayan taima a karanta. Ta zama ta waje, mai ƙafa uku, mai ɗaukar am 15. Waɗanda ake sayarwa don fitilun ado, masu idon da ke kunnawa da magariba, ba su dace ba. Layin am 15 bai kamata ya ɗauki fiye da wat 1,440 na dogon lokaci ba. Hita ta 600 da hitar cikin mota ta 900 sun riga sun wuce. Wayar ƙari kaurinta ya zama geji 14, ko 12 da ya fi kauri idan tsawonta ya wuce mita 15, kuma mai robar da ba ta tsagewa a sanyi. A rataye taima a tsaye, bakin soket yana kallon ƙasa, sama da inda ƙanƙara ke taruwa.

Idan aka kawo mana mota cewa hita ba ta aiki, sau da yawa hitar lafiya lau take. Taima muke fara dubawa: an sa huɗu na yamma maimakon huɗu na asuba, ko an bar ta a kashe bayan an gwada da hannu, ko an zaɓi Litinin zuwa Juma'a ga mai aikin Asabar. A Lahadin farko na Nuwamba ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, kuma ba kowace taima ke gyara kanta ba. Sai soket: na waje yana da kariyar da ke yanke wuta idan ta ji yoyo, kuma gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara da danshi a filogi sun isa su kaɗa ta. A goge filogi, a danna maɓallin maidowa.

Bayan nan sai mitar gwajin wuta. A ɗora ta a ƙafafu biyu masu faɗi na filogin mota: wat 400 zai nuna om 36 ko kusa, 600 zai nuna 24, 1,000 kuma 14. Idan ba ta nuna komai ba, galibi waya ce ta karye a wuyan filogi, inda ake fizga, ko inda bonet ke matse ta. Amma motocin kamfanin General Motors (GM) da yawa wayarsu tana da ma'aunin sanyi a ciki, ba ta barin wuta ta wuce sai an kai digiri 18 ƙasa da sifili. A cikin gareji mai ɗumi za ta yi kamar ta mutu, sai a zare wayar daga jikin inji a gwada hitar kai tsaye.

Wayar da ta tsage ko filoginta ya yi baƙi ba ma naɗe ta da tef, sabuwa muke sawa, domin daga irinta ake samun gobarar mota da tsakar dare. Muna ɗaure sabuwar nesa da belin fanka da salansa, mu bar tsawon tafin hannu a waje da murfinsa. Wanda ya saba mantuwa kuma mu nuna masa ya riƙa rataye wayar ƙari a kan madubin gefen direba, yadda ba zai buɗe ƙofa ba sai ya gan ta.