Gab da ɗaukewar al'ada

Tun da al'adata ta fara tsallake wata biyu, wani lokaci uku, na fahimci cewa ta kusa ɗaukewa. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne zafin da ke taso mini daga ƙirji zuwa fuska cikin dare, musamman a bazarar Kano idan an ɗauke wuta, har sai na tashi na sauya rigar da ta jiƙe sharkaf, sannan barci ya ƙaurace mini har kiran assalatu.

'Yan uwa sun kawo mini jiƙe-jiƙe da kyakkyawar niyya, amma na zaɓi ganin likitar mata, domin a ganina kunya ta daɗe tana cutar da mu a wannan lamari. Ta bayyana mini cewa wani sinadarin jikin mace da ake kira istirojin ne ke raguwa, kuma akwai maganin da ke maye gurbinsa, wanda ake haɗawa da wani sinadarin mai suna furojestaron ga mai mahaifa domin kare bangon mahaifar. Sai da ta bincika tarihin sankarar mama da daskarewar jini a jikina da danginmu kafin ta rubuta mini shi. Ta kuma ja kunnena cewa ciki yana iya shiga, domin ba a cewa al'ada ta ɗauke sai an cika wata 12 ba a ga jini ba.