Waya ba ta da hanci: yadda na kai turaren wutana Facebook

Sana'ata haɗa turaren wuta da humra, a cikin gida nake yi a Kano. A hannun goggona na koya, wadda ta yi zaman aure a Maiduguri ta dawo mana da hannun Barebari. Na daɗe ina sayarwa a gidan biki da gidan suna, sai 'yar aike da ke zagaya wa matan unguwa. Abin da ya tura ni buɗe shafi shi ne wahalar takardun naira ta farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya. Tsabar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma tiransifa, har mai kayan miya ya buɗe asusu a Opay ko Moniepoint. Na ce tunda kuɗin ya shige waya, bari kayan su bi shi can.

Buɗe shafin bai ɗauki lokaci ba, ƙanena ne ya zauna da ni muka yi. Da na so in ci gaba da tallata kaya a asusuna na Facebook da nake zumunci da shi, sai ya ce, “Yaya, wancan abokai 5,000 ne iyakarsa, kuma duk wanda ya zo sayen turare zai ga hotunan sunan 'yarki.” Shafin kasuwanci ba shi da wannan iyaka, yana nuna miki mutum nawa suka ga abin da kika saka, kuma za ki iya ƙara wani ya taya ki kula da shi. Suna ɗaya muka sa a Facebook da Instagram, gajere wanda za a iya faɗa a waya ba sai an maimaita ba. Ban sa fuskata ba, hoton kasko na sa. A wajen adireshi sunan unguwa kawai na rubuta. Na sayi sabon layi don WhatsApp Business, saboda ba na son lambar da dangin maigida ke kirana ta zama lambar shago.

Bayan nan ne aikin ya fara. Mai sayar da atamfa hoto ya ishe ta, ni kuwa ƙamshi nake sayarwa, kuma waya ba ta da hanci. Kwalbar humra a hoto kwalba ce kawai, tawa da ta wadda ta tsuga ruwa duk ɗaya suke. Sai na koma nuna aikin maimakon kayan. Nakan jingina wayar a kan turmi kusa da murhu in ɗauki lokacin suya: sukari na narkewa a tukunya yana komawa ruwan zuma, in zuba itacen hawi da sandal ina juyawa da muciya har su yi duhu su ɗau sheƙi, sannan in sauke in bi su da turarukan mai tun da ɗuminsu. Wani bidiyon kuma garwashi ne a kasko, in barbaɗa kaɗan, hayaƙin ya tashi fari a ƙarƙashin kabbasa da mayafi a kanta. Macen da ta san turare tana ganin wannan ta san ba a yi rowar mai ba. Bidiyon da bai kai minti ɗaya ba ya fi hotuna goma kawo tambaya.

Rubutun ma sai da na sauya shi. Kowa na rubuta “ƙamshi mai sanyi”, maganar ta zama ba ta nufin komai. Ni amfanin abin nake faɗa: wannan na ɗaki ne, yana kama labule ya kwana, wannan na kaya ne, ba ya ɓata farar shadda, wannan na tsugunno ne, na amarya da mai jego. Kuma duk wadda ta saya, ina jefa mata ɗan ƙullin wani nau'in da ba ta nema ba. Yawancin cinikina na biyu daga wannan ƙullin yake fitowa.

Akwai ɗabi'ar da ban taɓa yarda da ita ba, ta ɓoye farashi a ce “ki zo inbox”. Masu yi suna cewa kada kishiyoyin sana'a su gani su karya farashi. To ai kishiyar sana'a ma tana iya zuwa ta tambaya da wani suna. Wadda kike kora ita ce baiwar Allah mai kunyar ta tambaya ta ji kuɗin ya fi ƙarfinta. Ni ina rubuta kuɗin kowace kwalba da girmanta, in kaya sun tashi a kasuwa in faɗa a fili in gyara. Masu “nawa ne” sun ragu, masu “turo lambar asusu” sun ƙaru.

Na gwada talla ta kuɗi, wadda ake biya har da harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kai, na zaɓi mata a Kano da Kaduna da Abuja. Ta kawo mabiya da “Masha Allah” tuli, ciniki kaɗan. Sayen mabiya kuwa ko kusa ban yi ba, taron da ba ya saye ba ya amfana min komai.

A WhatsApp ake cinikin, shafin kawo mutum bakin ƙofa kawai yake yi. Na jera kayana da farashi a kundin kaya na WhatsApp Business, ina saka sitatus bayan isha lokacin da mata suka sallami yara suka ɗau waya, kuma tunda awa 24 yake yi ya goge, kullum sai an sabunta. Saƙon bai-ɗaya, wanda ake tura wa mutane da yawa a lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka, kuma ba ya isa sai ga wadda ta adana lambarki, don haka da an gama ciniki nakan ce, “Hajiya, don Allah a ajiye lambar.” Goman ƙarshe na azumi da lokacin bukukuwa, barci ma sai an yi dabara.

Yarda ce ke da wuya, ta ɓangare biyu. Wadda ba ta taɓa ganina ba za ta tura kuɗi daga Jos, dole ta ji tsoro. Shi ya sa na yi rajistar sunan sana'ar a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC na buɗe asusu da shi, sunan da ta gani a shafi shi za ta gani a banki. Shaidar masu saye ina sakawa, amma sai na nemi izini na rufe lamba da hoto. Ni ma ina da nawa tsoron. An sha turo min hoton rasit ana gaggauta ni wai mota za ta tashi. Ba na ɗaure kaya sai na buɗe asusuna na ga kuɗin da idona. An kuma taɓa kirana da murya mai ladabi, wai za a saka ni a wata ƙungiyar mata 'yan kasuwa, in karanto lambobi shida da suka shigo wayata. Na gane WhatsApp ɗina ake so a ƙwace, na kashe kiran, na kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri, a duk manhajojin. Sunayen masu saye da lambobinsu kuma suna cikin littafi mai bango a durowa, don ban manta ranar 4 ga Oktoban 2021 ba, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida.

Kai kaya ma ɓangare ne na shafin, don in kwalba ta fashe a hanya a can ƙarƙashin hotona za a zo a faɗa. Humra na tsiyaya, saboda haka ina naɗe murfin da salatif, in sa a leda, in cusa tsumma a kwali har sai na girgiza ban ji motsi ba. Ƙanena ya kai tasha, Unguwa Uku in na Kaduna ko Abuja ne, ya ɗauki hoton kwalin da lambar motar, in tura wa mai kaya tare da lambar direba. Kuɗin mota nata ne, kuma tun kafin ta biya nake faɗa mata.

Yanzu 'yan uwa sun dame ni da in shiga TikTok, wai can kasuwar take. Na buɗe asusu don kada wani ya riga ni sunan, amma ban fara saka komai ba. Wanda nake da shi ma, in na tsaya amsa saƙo da rana sukari ƙonewa yake yi a tukunya.