Ranar da na gane "sorry" ba "sannu" ba ce

Na shafe shekaru ina furta kalmar "sorry" kafin in fahimci cewa a nahawun Turanci sifa ce, ba gaisuwa ba. Wadda ta farkar da ni wata Baturiyar Ingila ce da muka taɓa aiki tare, domin ranar da ta yi tuntuɓe a bakin ofis na ce mata "sorry", sai ta waiwayo cikin mamaki ta ce ai ba laifina ba ne. Ni kuwa "sannu" nake nufi, wadda Bahaushe kan faɗa wa duk wanda ya ji ciwo ko ya sha wahala, ko da ba shi da hannu a abin da ya same shi.

Da na bi salsalar kalmar, sai na tarar ta fito daga "sarig" ta tsohon Turanci, kuma tushensu ɗaya da "sore", wato mai ciwo. Saboda haka wanda ya ce "I am sorry" halin zuciyarsa yake siffantawa, cewa tana masa zafi, ko don nadamar abin da ya aikata, ko don jimamin abin da ya sami wani. Nadamar ce ta fi saurin zuwa kunnen Bature idan an faɗi kalmar ita kaɗai, shi ya sa idan mutum ya yi tuntuɓe a gabansa zai tambaye shi ne ko lafiya, ba zai ce masa "sorry" ba. Sai a wajen ta'aziyya, inda suke cewa "I am sorry for your loss", ta kusanci tamu "sannu".

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ma'anarta kan juya idan ta gabaci suna, domin "a sorry state" ba ban haƙuri ba ne, mummunan hali ne na ban tausayi, irin na gidan da damina ta ci rabinsa. Idan kuma aka ɗaga murya a ƙarshenta, ta zama "na'am?" ta wanda bai ji magana ba.

Duk da haka ban daina cewa "sorry" ga ɗan Najeriya da ya yi tuntuɓe ba, kuma ba na ganin kuskure ne, tunda Bayarabe yana da "pẹlẹ", Ibo suna da "ndo", kuma kowannenmu tasa yake ji a cikinta.