Hoto Ɗaya Kullum: Daga Uskudar Zuwa Ƙofar Abu Ayyub

Daren da zan baro gida, abu ɗaya Umma ta roƙe ni. Ta ce, "Auta, ba sai ka riƙa kira kullum ba, na san karatu ne ya kai ka. Amma kowace rana ka turo mini hoto ɗaya, in riƙa ganin inda Allah ya ajiye ka." Na ce, "In sha Allahu, Umma." Tun da na sauka Istanbul a watan Satumba ban taɓa tsallake rana ba, kuma na ranar da zan ba ku labarinta shi ne na 231.

A makonnin farko manyan wurare na riƙa bi. Na tura mata Aya Sofiya, ginin da aka kammala tun shekarar 537, aka kuma sake buɗe shi a matsayin masallaci a 2020. Na tura mata hasumiyar Galata da gadar da ta haɗa Asiya da Turai. Amsarta ba ta wuce "Masha Allah" da addu'a. Sai wata rana aka wuni ana ruwa, ban iya fita ba, magariba ta kawo kai ba ni da abin turawa. Na leƙa ta taga, na ga wata tsohuwa a bene na uku na gidan da ke kallon namu tana zuro kwando da igiya, yaron mai kanti yana ƙasa yana jira ya saka mata burodi da madara. Na ɗauka na tura. Kafin isha'i saƙon murya ya shigo, na fiye da minti uku. Wace ce wannan baiwar Allah? Ita kaɗai take zaune? Ina 'ya'yanta? Kuɗin a cikin kwandon take sakowa ko rubutawa ake yi? Na gaishe ta kuwa? A ranar na gane abin da Umma take so ta gani. Tana son sanin su wa nake kwana nake tashi a cikinsu.

Daga nan hotunana suka sauya, ni ma idona ya sauya. Na fara lura da kyanwar da ke kwana a kan injin cirar kuɗi saboda ɗuminsa, da kwanonin ruwa da abinci da mutanen unguwa ke jera wa kyanwoyi a bakin ƙofa ba tare da kowa ya ce nasa ne ba. Na lura da allon da ke gidan burodi, inda ake rubuta adadin burodin da wasu suka biya suka bari domin wanda ba shi da hali ya zo ya karɓa ba tambaya. "Askida ekmek" suke ce masa, wato burodin da aka rataye. A watan Disamba na tura mata titinmu da ƙarfe 8 na safe, fitilu a kunne, gari bai gama wayewa ba, yara na tafiya makaranta cikin duhu, domin tun 2016 Turkiyya ta daina mayar da agogonta baya a lokacin sanyi. Baƙunta tana da nauyi, musamman watannin farko da harshe bai kama ba, mutum ya wuni bai yi doguwar magana da kowa ba. Neman hoton nan na kullum shi ya riƙa fitar da ni daga ɗaki.

A ƙarshen Afrilu ne ta ce, "Auta, an ce mini kabarin Abu Ayyub al-Ansari yana garin nan naku. Wata takwas kana nan ba ka je ka yi masa sallama ba?" Asabar ta zagayo na shirya.

Ina zaune ne a Uskudar, ɓangaren Asiya. Daga gidanmu gangara ce har bakin ruwa, inda masallacin Mihrimah yake fuskantar tashar jirage. Magini Sinan ya gina shi domin 'yar Sarkin Usmaniyya Sulaiman, aka gama a 1548, kuma har yau a farfajiyarsa tsofaffi ke zama suna kallon masu sauri. Da ina gaggawa da na bi jirgin ƙasan Marmaray, wanda tun 2013 yake ratsawa ta ƙarƙashin ruwa ya kai mutum Turai cikin 'yan mintuna. Amma a can ƙasa babu abin gani sai bango. Na sayi simit, burodin nan mai kamar zobe da aka lulluɓe da riɗi, na ce wa mai sayarwa "kolay gelsin", wato Allah ya sauƙaƙa aiki. Kalmar nan ita ce ta farko da na riƙe a harshensu, kuma ban taɓa faɗa wa mai shara ko direba ko mai gadi ita ba sai na ga fuskarsa ta saki. Na ɗora katina a ƙofar shiga, na hau ƙaramin jirgin fiton da ke bin mashigin da suke kira Halich har zuwa unguwar Eyub.

Na zauna a waje, ta baya, inda iska ke kaɗawa. Jirgi bai gama juyawa ba mai shayi ya fito da faranti, ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu jere a kai, kowanne da ɗan cokali da sukari ƙwaya biyu. Shayin ja ne wur, ana noma ganyensa a Rize, can gabar Baƙin Teku. Ana riƙe kofin ta leɓensa saboda zafi. In aka tambaye ni daɗin zaman garin nan, wannan zan fara ambata: shayi a hannu, ƙarar cokula a jikin gilashi ta ko'ina, ga fararen tsuntsayen teku suna bin jirgi suna kuka. Wani yaro da kakansa suna gutsurar simit suna jefawa sama, tsuntsayen na cafewa tun bai taɓa ruwa ba. Na ɗauki hoto har sau goma kafin na samu ɗaya da aka ga baki buɗe da gutsuren a gabansa. Na ce a raina wataƙila shi ne na yau.

Tsallaka Bosforus, ruwan da ya raba ɓangaren Asiya da na Turai, ba ya ɗaukar lokaci, amma ruwan yana da ƙarfi, kana jin yadda yake tura jirgin gefe. Wani ƙaton jirgin dakon kaya ya wuce ta gabanmu ya nufi arewa, muka ɗan yi rawa a kan igiyar ruwan da ya bari. A hagu ga Hasumiyar Budurwa tsaye ita kaɗai a kan ɗan dutsenta, a gaba ga fadar Topkapi a kan tudu. A gangaren tuddai kuwa bishiyoyin erguwan sun yi fure, launinsu tsakanin ja da shuɗi. Mako biyu zuwa uku suke yi a shekara su zube, shi ya sa mutanen gari ke ambatar lokacinsu kamar wani baƙo mai daraja.

Bayan mun tsaya a Karakoy sai muka kutsa ƙarƙashin gadar Galata. Daga ƙasa abin kallo ne: zaren masu fatsa ɗaruruwa sun zubo daga saman gada kamar labule, wasu da ƙananan kifaye suna walƙiya a jiki. Muna fitowa ta ɗaya gefen hayaniya ta ragu, ruwa ya kwanta. Masallacin Sulaimaniyya ya bayyana a kan tudu da hasumiyoyinsa 4, shi ma aikin Sinan ne, na 1557. A bakin mashigin nan Rumawa suka taɓa shimfiɗa sarƙar ƙarfe don tare jiragen yaƙi, sai a 1453 Sarki Muhammad al-Fatih ya sa aka ja jiragensa ta tudu aka zuro su ciki ta bayan sarƙar. Yau kuwa mata ne da jakunkunan cefane ke hawa suna sauka, jirgi na kai-komo tsakanin gaɓa biyu kamar mai ɗinki.

A Fener na hango jan ginin makarantar Girkawa a saman unguwa, kai ka ce fada ce. Gaba kaɗan, dab da ruwa, ga cocin Bulgeriyawa da aka ƙera gaba ɗayansa da ƙarfe a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, aka kawo shi gunduwa-gunduwa aka haɗa, aka buɗe a 1898. Amma abin da na ɗauka a Balat shanya ce: igiya daga tagar wani gida zuwa tagar na gabansa, kayan jarirai na lilo a tsakiyar lungu. Na san Umma za ta tambayi yadda gida biyu suka yi suka raba igiya ɗaya.

Kusan awa guda muka yi kafin mu isa Eyub. Daga tasha ana bin wata hanya mai shagunan carbi da turare da littattafai har a fito babban fili mai maɓuɓɓugar ruwa da tantabaru. Yara maza sanye da fararen kaya, da alkyabba da hula mai gashin tsuntsu da 'yar sanda a hannu, iyaye na biye da su suna ɗaukar hoto. Al'adarsu ce a kawo yaro nan ziyara kafin a yi masa kaciya. Masallacin Abu Ayyub na farko an gina shi a 1458, girgizar ƙasa ta 1766 ta lalata shi, wanda ake gani yanzu an kammala shi a 1800. A nan sarakunan Usmaniyya suka riƙa zuwa a dā a ɗaura musu takobi in sun hau mulki.

Tsakanin masallaci da hubbaren akwai farfajiya mai tsohuwar bishiya a tsakiya, bangon kuma an lulluɓe shi da tangaram mai shuɗin zane. Na cire takalmi na bi layi. Da na matso kusa sai na mayar da waya aljihu. Na tsaya na yi sallama, na isar da ta Umma kamar yadda ta ce.

Ban yi zaton wurin zai taɓa ni haka ba. Tun ina yaro na san labarin: raƙumar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta durƙusa kusa da gidan Abu Ayyub a Madina, shi kuma ya ɗauki kayan baƙonsa ya shigar gida, ya sauke shi wata da watanni har aka gama ginin masallaci da ɗakuna. Na tuna daren da tulun ruwa ya fashe a saman bene, shi da matarsa suka sa bargonsu suka tsane ruwan don kada ya ɗiga wa baƙonsu a ƙasa. Mutumin nan da tarihi ya san shi da saukar baƙo, da tsufansa ya biyo runduna a zamanin Mu'awiya, ya rasu a nan, aka binne shi kusa da ganuwar birnin, nesa da Madina, nesa da danginsa. Shi ma baƙo ne a ƙasar nan. Na daɗe tsaye a gefe ina wannan tunani, ina jin wani abu da ya daɗe a ƙirjina yana sassautawa.

Ina ɗaura takalmi sai wata dattijuwa mai farin mayafi ta tsaya a gabana da kwalin sukari a buɗe. Mata kan raba sukari ko alewa a nan in Allah ya biya musu wata buƙata. Ta ce, "Buyur, evladim," wato bismillah, ɗana. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na ce, "Allah kabul etsin, teyze," Allah ya karɓa, inna. Ta tsaya ta dube ni da kyau, ta tambayi daga ina nake, ta tambaya ko mahaifiyata tana raye. Na ce tana nan, ita ce ma ta aiko ni. Sai ta kama hannuna ta buɗe tafin, ta ƙara mini ƙwaya ta biyu, ta ce wannan ta mahaifiyarka ce. Ta wuce wurin na gaba.

Bayan azahar na haura tudun da ke bayan masallaci. Akwai 'yan akwatunan gilashi da ke hawa da mutane a kan igiyar ƙarfe, amma layi ya yi tsawo, na bi ta ƙafa ta cikin maƙabarta. Duwatsun kaburbura na dā an sassaƙa wa na maza rawani ko hula a ka, na mata kuma furanni, kyanwoyi na barci a tsakaninsu cikin rana. A sama akwai wurin shan shayi da tebura masu jan ƙyalle, daga inda ake ganin mashigin gaba ɗayansa ya lanƙwashe kamar ƙaho har zuwa hasumiyoyin tsohon birni. Na zauna na duba abin da na ɗauka: tsuntsu da simit, labulen fatsa, shanyar Balat, yaro mai alkyabba, ga kuma wannan shimfiɗaɗɗen gari a gabana. Sai na ciro ƙwayoyin sukarin nan biyu daga aljihu, na ɗora su a tafin hannuna na hagu, na ɗauka. Shi na tura, tare da saƙon murya na ba ta labarin dattijuwar.

Ina cikin jirgin komawa, mun kusa gadar Galata, rana ta yi ja a kan ruwa, amsarta ta iso. Ta fara da addu'a ga Abu Ayyub, sannan ga matar, Allah ya tabbatar mata da abin da ta samu. Ta ce, "Taka ka sha da shayi. Tawa kuwa ka naɗe ta a takarda ka ajiye a akwatinka, Auta, kada ka bari tururuwa ta gan ta. In ka tashi zuwa hutu ka taho mini da abata."