Ɗan kunkurun da na sa a bokiti

Har yau in na ga shuɗin bokiti sai gabana ya faɗi.

A watan Afrilu ne, ina wata na biyu da fara aikin sa kai a wani gidan halittun teku a Cape Town ta Afirka ta Kudu, aka aike ni Struisbaai, wani garin bakin teku, in karɓo ɗan kunkurun teku da wani masunci ya tsinta a gaɓa. Ko tafin hannuna bai cika ba. Irinsu a rairayin arewacin lardin KwaZulu-Natal suke ƙyanƙyashewa, igiyar ruwan teku mai ɗumi da ake kira Agulhas ta kwaso su ta yi kudu da su, sai iska ta karkatar da wasu cikin ruwan sanyi, jiki ya sandare, teku ta tofo su waje. Daga Maris zuwa Yuli haka ake ta tsintar su.

An gaya mini tun kafin in tashi: kwali mai ƴan huji, busasshen tawul, ban da ruwa, ban da abinci. Na ji da kunnena. Amma da na ga yashi ya bushe masa a ido, tausayi ya rufe ni, na ce ina aka taɓa raba ɗan ruwa da ruwa? Na ɗebo ruwan teku a bokiti na tsoma shi, na kama hanyar kusan awa uku.

Kunkuru da huhu yake numfashi, dole sai ya ɗago kai. Wanda sanyi ya kashe wa jiki ba ya iyawa, ga mota tana ta girgiza ruwan. Ko da na isa, kansa ya langaɓe, kumfa na fita ta hanci.

Likitar dabbobin ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Wa ya sa shi a ruwa?" Da ma zagina ta yi. Ruwa ya riga ya shiga huhunsa. Kwana huɗu ana yi masa allura, a na biyar ya cika.

Sauran aikin na koya ba wuya: awo kullum da safe, ɗumama ruwa kaɗan-kaɗan, bincika kashinsu ana tsamo gutsattsarin leda da roba da suka haɗiye. Da zafi ya shigo an fita da waɗanda suka murmure cikin jirgin ruwa aka sake su inda teku ke da ɗumi. Ina murna, amma ina ƙirga su ina jin saura ɗaya.

Yanzu duk wanda ya bugo waya ya ce ya tsinci ɗaya, ko gaisuwa ba na bari mu gama nake tambayarsa ko yana cikin ruwa. In ya ce e, sai in ce ya fito da shi yanzu-yanzu, ina kan layi ina jira.