Hawan Mambila zuwa Gembu

Daga Jalingo zuwa Bali da Serti babu abin ba da labari, zafi ne da ramuka irin na ko'ina. Tafiya ta fara ne a Mayo Selbe, gindin dutse. Nan direbanmu ya tsaya ya duba ruwan lagireto da birki, don motar da ta hau da ƙarancin ruwa tafasa take yi kafin Maisamari. Hanyar sai murɗawa take, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗayan. Saukowa ma ta fi haɗari: da giya ta ɗaya ko ta biyu ake gangarowa, wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji ya ɗau zafi ya daina kamawa. Ka cika tanki tun daga ƙasa, mai a sama tsada gare shi.

Da muka ƙarasa hawa sai na ga kamar an fitar da ni daga Najeriya. Tuddai kore shar, layin bishiyoyin turare, shanu ƙosassu ko'ina. Tsayin wurin ya kai wajen mita 1,600, tsando ba ya zama, shi ya riƙe Fulani a nan. Mu a Kano sai hunturu muke ciro rigar sanyi, a Nguroje kuwa da azahar na ga hazo ya rufe kasuwa.

Ashe ban yi kuskure sosai ba da na ga kamar na bar Najeriya. Yankin a da yana cikin Kamarun da Jamus ta mallaka, daga baya ya koma hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Najeriya. Sunan Sardauna da ƙaramar hukumar yankin take amsawa daga sarautar Ahmadu Bello ya fito. 'Yan ƙabilar Mambila su ne tushen wurin, manoman masara ne, ga ƙabilun Kaka, Panso da Kambu, ga Hausawa 'yan kasuwa. Amma Fulatanci ne harshen ciniki. Da Hausa zalla an fi tsuga mini kuɗi.

Fiya da ayaba kamar kyauta, abin da mai kayan marmari a Kano zai auna maka ɗaiɗai, nan a kwando ake ba ka. Mai masaukinmu ma ya ƙi karɓar ko kwabo, ya haɗa mu da ganyen shayin Highland na Kakara.

Gembu kwana ɗaya muka yi. Na leƙa kogin Donga da kwale-kwalensa, ruwan sama ya kore mu, washegari da asuba muka gangaro.